JBL 305P MkII: Lasifikar da Ta Dawo Mini da Kalangun Shata

Jama'a ku ba ni fili, yau yabo zan yi, kuma ba zan rage murya ba. JBL 305P MkII! Wasu baƙaƙen lasifikoki ne guda biyu da suka tare a kan teburina a nan Kafanchan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma duk mai shirin ja da ni a kansu to ya zo da guzurinsa, don za mu daɗe. Ni ba makaɗi ba ne, ba ni da situdiyo, ban taɓa haɗa wa kowa waƙa ba. Aikin kwamfuta nake yi, kiɗa kuwa shi ne abokin zamana tun daga safe har in tashi. Irin lasifikokin nan ne da ake kira monita, waɗanda aka ƙera saboda masu haɗa sauti, amma na rantse mai sauraro zalla irina ya fi kowa cin moriyarsu.

Ku dubi abin da muka saba da shi. Shiga duk wani shagon kayan wuta a kasuwar Kafanchan ko ta Zonkwa, abin da za a fara kunna maka shi ne wufa mai fitilu ja da shuɗi, ko 'yar MP mai Bluetooth. Mai shago zai murɗe ta har ƙarshe, gilashin kanta ya hau karkarwa, ya dube ka yana murmushi ya ce, "Oga, ka ji bes?" Na ji. To sai me? An gina waɗannan ne don su sace zuciyarka a minti biyun farko: an kumbura amon ƙasa, an wasa na sama ya yi tsini, tsakiya kuwa, inda muryar ɗan Adam take, an bar ta a rami. Daidai suke da mai girkin da hannunta ya saba da magi, ko miyar kuka ta yi ko karkashi ko faten acca, ɗanɗanon ɗaya ne. Ita monita aikinta ke nan kada ta ƙara kada ta rage. Abin da aka zuba a faifai shi take miƙo maka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kunnen ɗan Kafanchan. Tun shekarun 1920 da layin dogo ya mai da garin nan mahaɗa, inda hanyar Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos suka gamu, Ibo da Yarbawa da sauran baƙi suka yi ta sauka suna zama tare da Fantswam da Hausawa da Fulani da Kagoro da Bajju da Kaninkon da Atyap da Ham, kowa da kiɗansa a jaka. Shi ya sa za ka karɓi wayar mutum ɗaya ka tarar da Mamman Shata kusa da Osita Osadebe, Panam Percy Paul kusa da Hamisu Breaker, ga Don Williams, ga Lucky Dube, ga waƙoƙin zumuntar mata. Lasifikar da aka saita don ta yi wa salo ɗaya hidima, sauran shida za ta zalunta. Mu namu kunnen mai yawo ne, sai mai adalci.

To bari in zo kan kalangu, don a nan ne JBL ɗin nan ta gama da ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi ya san kalangu ba duka kaɗai ba ne. A hammata ake saƙale shi, a matse tsarkiyar fata ta ɗame murya ta hau, a sassauta ta sauko, da haka ne yake bin hawa da saukar harshen Hausa har a ce ganga ta yi magana. Sa Shata a wufa ka ji: dum, dum, dum, shi ke nan, maganar ta mutu. Sa shi a 305P. Kai! Za ka ji saukar makaɗi a kan fata daban, ka ji lanƙwasar muryar da ke biyo baya daban, ka rarrabe babban kalangu da 'yan ƙananan da ke yi masa rakiya. 'Yan amshi su daina zama dunƙulen hayaniya, su koma mutane, har ka tsinci wani mai kaurin murya da kullum yake ɗan riga sauran shiga. Shata ya rasu tun 1999, yawancin abin da ya bari an ɗauke shi ne da na'urorin da, kuma monita ba ta wanke tsohon faifai. Shuuu ɗin kaset yana nan, za ma ka fi jin sa. Amma ta cikin wannan shuuu ɗin mutumin yake fitowa da kaifin harshensa cif, kowane baƙi da wasali a wurinsa, ba sai ka yi ta mai da waƙa baya kana tambayar na kusa da kai me ya ce ba.

Ɗan Maraya Jos ma haka. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, ba shi da wani bes da wufa za ta yi taƙama da shi, saboda haka takan mai da shi ƙaramin ƙara can nesa. A nan kuwa za ka ji zafin hannun mutumin, ka ji yadda tsirkiyar take tsalle tana cike gurbin da murya ta bari. Ƙwaryar Barmani Choge kuma ta fito da ƙwas-ƙwas ɗinta a bushe, mata na amsawa a bayanta, ka rasa lokacin da ƙafarka ta fara aiki a ƙarƙashin tebur.

Sai waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda kowa a kudancin Kaduna ya tashi da su a kunne ko da ba cocin yake zuwa ba. Tulun nan da ake dukan bakinsa yana da wani zurfin amo mai taushi wanda ƙananan lasifikoki ba sa iya furtawa sam, manyan wufa kuma su mai da shi gurnani. JBL ta ba shi girmansa daidai: ya faɗo, ya cika, ya ɗauke, kafin na gaba ya zo. A samansa ga caki, ga ƙarfe, ga muryoyin iyayenmu mata a shimfiɗe daga wannan gefen tebur zuwa wancan. In faifan an ɗauke shi da kyau ta hanya biyu, mai ba da waƙa za ta tsaya a tsakiya cak, daidai saitin allon kwamfuta, inda babu wata lasifika. Baƙon da na zaunar a kujerata yakan leƙa bayan kwamfutar yana neman ta uku. Babu ta uku, ɗan'uwa. Biyun nan ne.

Ba tsafi ba ne, aikin injiniyoyi ne. James B. Lansing ne ya kafa JBL a Amurka a 1946, haruffan sunansa ne ma kamfanin yake ɗauke da su, yanzu yana ƙarƙashin Harman, wanda Samsung ya saya a 2017. A 2013 suka fito da LSR305, a 2018 suka gyara ta suka sake fito da ita da wannan suna na 305P MkII. Kowace ɗaya tana da babban baki mai inci 5 na amon ƙasa da tsakiya, da ƙaramin baki mai inci 1 na siririn sauti, kuma kowane baki da amfilifayarsa mai wat 41 a cikin akwatin. Ba ka bukatar sayen wata amfilifaya daban. Amma sirrin yana ga wannan faffaɗan mazurari da ya kewaye ƙaramin bakin, mai wasu tudu-tudu da za ka ɗauka ado ne. Daga babbar monitarsu M2 aka gado shi, wadda kuɗinta sai manyan situdiyo. Aikinsa shi ne ya baza siririn sauti daidai wa daida zuwa gefe da gefe, ta yadda in ka jingina, ko ka miƙa hannu ɗauko kofin shayi, waƙar ba za ta canza kama ba. Ga mai zaman tebur da ba ya zama wuri ɗaya ƙiƙam, wannan kaɗai ya biya kuɗin.

Na san masoya Yamaha sun fara gyaran murya. HS5 mai farin baki kyakkyawa ce, jikanyar NS-10 ce a kama, waccan da ta mamaye situdiyoyin duniya bayan fitowarta a 1978. Amma HS5 mai binciken laifi ce. Tana turo tsakiyar sauti gaba don mai haɗa waƙa ya kama kuskure, ƙasanta kuma a takardar kamfani 54 Hz ne ya tsaya, ita kuwa JBL tana sauka har 43 Hz. Wuni guda da HS5 kunne yakan gaji. Ni kuwa daɗi na zo ji, ba jarrabawa na zo makin ba. KRK Rokit 5 mai rawayan baki, wadda DJ-DJ suke mutuwar so, tana da nata farin jinin, kuma ramin iskarta a gaba yake, abin da ke taimakon mai ƙaramin ɗaki. PreSonus Eris 3.5 ta fi araha nesa ba kusa ba, ga wurin murɗa ƙara a gaba, ga ramin sa abin kunne, ɗalibin da ke kwalejin Gidan Waya ko reshen jami'ar jiha da ke nan garin zai ji daɗinta a ɗan ɗakinsa, sai dai inci uku da rabi ba zai ɗauki tulu yadda ya kamata ba. Wadda nake cire wa hula ita ce Kali LP-6, kuma ba mamaki, tsofaffin ma'aikatan JBL ne suka kafa kamfanin. Sai dai ƙatuwa ce, in ka ɗora biyu a teburin talaka to kwamfutar sai dai ta koma cinya. JBL tsayinta kusan santimita 30 ne, faɗi bai kai 19 ba, nauyi bai cika kilo 5 ba. Ta zauna daram.

Tana da aibi? Tana da shi, kuma zan faɗa don kada a ce an biya ni. Sananne ne a wurin duk masu amfani da ita cewa in ba a kunna komai ba ƙaramin bakin yana fitar da wani siririn sss, wanda za ka ji in ka matso da kunne cikin dare. Da waƙa ta tashi ya ɓace, da fanka ta juya ma ya ɓace, ballantana damina ta sauka a kan kwano. Wurin murɗa ƙara a baya yake, kowace da nata, saboda haka sai ka saita su sau ɗaya ka riƙa sarrafawa daga kwamfuta. Babu Bluetooth. Babu raga a gaba, bakin a buɗe yake, kuma yatsan yaro ba ya ganin abu mai laushi ya ƙyale. Fuskarta mai sheƙi ce, ƙurar hunturu tana ganin ta ta samu masauki, sai ka tanadi ɗan ƙyalle kana rufewa in ka tashi. Sannan inci 5 inci 5 ne: jitar bes ta Lucky Dube tana fita da tsabta, kowane taku a rarrabe, amma can ƙarƙashin amapiano, inda ake so ƙirji ya girgiza, ba ta kaiwa. Mai son wannan akwai LSR310S mai inci 10 da aka yi don ta raka su. Ni dai ban ga bukata ba, maƙwabtana ma ba su gani ba.

Abu ɗaya kuma da wasu za su kira aibi ni nake kira alheri: ba ta rufa wa mugun faifai asiri. Waƙar da aka tura maka a shagon masu tura waƙoƙi, wadda aka matse aka sake matsewa, ta bi ta WhatsApp sau ba adadi, ga sunan wani DJ ana rangaɗawa a tsakiya, za ka ji kuge yana shaf-shaf ya rasa ƙarfensa. Bidiyon bikin Afan da ka ɗauka da waya a Kagoro ranar 1 ga Janairu, iskar da ta bugi makirfo za ta fito tare da ƙahonni da ganguna. Wannan zai tura ka neman kwafi mai kyau, MP3 mai 320 maimakon 128, ko ka ɗaga ingancin sauti a manhajar da kake saurare in data ta yarda. Daga nan kuma sai ka fara gane waɗanne situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos ne suka san aikinsu, waɗanne ne suka cika murya da na'ura har ta koma ta ƙarfe. Sa Fela ka ji abin da mai gangarsa Tony Allen yake yi da hannu biyu da ƙafa biyu, sannan ka dawo mu yi magana.

Yanzu ajiya, don nan ne mutane suke kashe kuɗinsu a banza. Tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, kamar mita ɗaya, ka ɗan karkato da fuskokinsu su dube ka. Ƙaramin bakin ya yi saitin kunnenka. In tebur ya yi ƙasa, ɗora su a kan littattafai masu kauri ko guntun katako da soso a ƙarƙashi, don kada tebur ya riƙa amsa amo. Ramin iskarta a baya yake, kada ka manna ta da bango, bar mata ko da taki ɗaya ne. Ɗakunanmu na haya kuwa yawanci sha biyu-sha biyu ne, bulo da siminti, wani ma da tayil. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka bango biyu masu tazarar ƙafa 12 suna kumbura amon da ke wajen 47 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne abin ninkuwa yake yi. Shi ne za ka ji wani taku ɗaya na bes ya fi sauran ƙarfi. JBL ta san da haka: a bayanta akwai ɗan maɓalli da ke rage amon ƙasa da desibel 1.5 ko 3 saboda tebur da bango, da wani na ƙara ko rage siririn sauti da desibel 2. Taɓa na farkon, kada ka kai tebur lungu, sa labule mai kauri, shimfiɗa darduma. Katifa da kantar littattafai ma aiki suke yi ba ka sani ba.

Haɗawa ba wuya. Ramuka biyu ne a baya, XLR irin na makirfo da babban jak irin na jita. Mafi sauƙi shi ne kebul mai ƙaramin kai irin na abin kunne a gefe ɗaya, ya rabu biyu da manyan jak a ɗaya gefen. Sai ka mai da maɓallin shigar sauti da ke baya kan -10. In ba ka samu a kasuwa ba, duk mai kula da sauti a coci ko mai ba da hayar lasifikar biki ya san wanda zai haɗa maka. In kuma ka ji zzz duk lokacin da cajar kwamfuta take jone, ƙaramin akwatin sauti na USB irin Focusrite Scarlett da kebul masu layi uku yakan kashe shi, ga shi kuma ka samu wurin murɗa ƙara a gabanka.

Wuta fa? Kowa ya san halin da ake ciki, ba sai na ɓata bakina ba. Abin daɗin shi ne amfilifayarta irin mai ƙarancin ci ce, a ƙarar zaman tebur ƙaramar inbata da sola suna riƙe ta ba tare da kuka ba, in dai inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, don mai arahar nan takan sa ta gurnani. Kada ka jona ta kai tsaye a bango, sa mata abin kariya ko sitabilaiza. Damina kuwa, ka san yadda hadari yake taso mana daga wajen duwatsun Kagoro da tsawa. Da ka ji ya fara, zare filogi gaba ɗaya, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. In za ka kunna, kwamfuta ce farko lasifika ce ƙarshe, in za ka kashe kuma lasifika ce farko.

Wurin saye sai an ɗan motsa. Jos ta fi kusa, ga Abuja da Kaduna, ga kasuwar Alaba a Legas ga mai wanda zai duba masa ya sa a mota. Ka kula da kyau: guda-guda ake sayar da ita, farashin da ka gani a intanet sau da yawa na ɗaya ne, ka tambaya kafin ka yi murna. Kuɗin yana bin dala, saboda haka duk abin da na rubuta yau gobe ya zama tarihi. In ta hannu za ka saya, duba rubutun da ke kusa da ramin wuta. Ita wannan tana karɓar 100 zuwa 240, amma wasu monitocin da ake kwasowa daga Amurka na 120 ne kaɗai, wutarmu ta 230 kuwa ba ta yi musu sallama kafin ta ƙone su. Tafi da waƙar da ka haddace a wayarka, a kunna maka kowace ita kaɗai, sannan a haɗa su. In mai shago ya fara murɗawa sama, ce masa ya rage. A ƙasa-ƙasa ake gane ta ƙwarai.

Mai neman abin da zai tashi unguwa ranar suna ko biki, wannan ba taka ba ce, je ka ɗauko hayar manyan akwatuna. Amma malamin makaranta mai makin takardu da dare, da mai shagon buga takardu, da ma'aikacin da ke wuni gaban kwamfuta, da duk wanda yake da tebur da kujera da waƙoƙin da yake ƙauna, ina roƙonku: ku haƙura da sabuwar wayar nan ta bana, ku tara kuɗin, ku sayi 305P MkII guda biyu. Ranar da suka iso, ku fara da Shata.